Wa Ya Kai Cutar Hakkar Cikin Gari?

A tsakiyar watan Satumba na 2005, duk wanda ya shiga birnin Ironforge sai ya tarar da ƙasusuwan mutane shimfiɗe a ƙasa, tun daga ƙofar banki har dandalin gwanjo. A Orgrimmar ma haka. Mutum ya iso da kayansa zai sayar, bai gama tsayawa ba jini ya fantsamo daga jikinsa, ya zube. Wanda ya matso ya ga abin da ya same shi, shi ma ya bi shi.

Biranen nan biyu ba sa cikin taswirar kowace ƙasa. Suna cikin World of Warcraft, wasan kwamfuta da kamfanin Blizzard na jihar Kalifoniya a Amurka ya fitar a watan Nuwamba na 2004. A lokacin da abin ya faru, masu biyan kuɗin wata-wata don su buga shi ta intanet sun kai miliyan 4. Kowa da jaruminsa a ciki, yana raino tun daga mataki na 1 har zuwa na 60, wanda shi ne ƙololuwa a wancan zamanin. Na san akwai mai karatun da zai ce ina ruwan mai hankali da mutuwar zane a allon kwamfuta. Ina roƙonsa ya yi haƙuri ya biyo ni. Masana annoba sun tsaya a kan wannan mutuwa sun yi rubutu, kuma sawun da za mu bi zai ƙare ne a bakin tagar yankar kati ta asibiti.

Ga yadda abin ya soma. Ranar 13 ga Satumba kamfanin ya buɗe sabon fagen yaƙi mai suna Zul'Gurub, wani kangon birni a cikin kurmi. Mutum 20 ke haɗuwa su shiga, kuma a ƙarshen fagen akwai dodo mai suna Hakkar, maciji mai fukafukai. Cikin makamansa akwai wata cuta da aka raɗa wa suna Gurɓataccen Jini. Idan ta kama jarumi sai ta riƙa zuƙe ƙarfinsa, ɗaruruwa a kowane bugu, kuma ta tsallaka ga duk wanda ke tsaye kusa da shi. Waɗanda suka ƙera wasan sun kewaye ta da katanga uku. Fagen a rufe yake, nesa da gari. Cutar ba ta wuce 'yan daƙiƙu a jiki. Masu shiga wurin kuwa duk 'yan mataki na 60 ne, ƙarfinsu dubbai, ga masu warkarwa a bayansu. An yi ta ne don ta wahalar da ƙarfafa, ba don ta kashe kowa ba.

To, wa ya fito da ita?

Wanda aka fara tuhuma shi ne ɗan wasan da kansa. A wannan duniya akwai hanyoyin ɓacewa daga wuri a bayyana a wani, ta dutsen komawa gida da kowa ke ɗauke da shi ko ta ƙofar da matsafi ke buɗewa. Mai cuta a jiki yana iya barin kurmin ya faɗo tsakiyar kasuwa kafin ta sake shi, kuma wasu sun yi hakan. Sai dai ƙofa ce ƙarama, dole mutum ya yi tsere da daƙiƙu. Ba ta isa ta bayyana yadda cutar ke ta ɓullowa a garuruwa, tana lafawa tana dawowa ba.

Babbar kafar tana wurin da masu ƙera wasan ba su duba ba. Mafarauta a wasan suna yawo da dabbobin rakiya, kerkeci ko damisa ko makamancinsu, matsafa kuma da aljanunsu. Mai dabba yana da ikon sallamar ta, ta ɓace, in ya so ta ya sake kira. Idan ana cikin yaƙi da Hakkar cutar ta kama dabbar, maigidanta ya sallame ta don kada ta mutu, sai agogon cutar ya tsaya cak. Ba ta warke ba, ba ta mutu ba, tana nan a ajiye kamar garwashi cikin toka. Mafaraucin ya gama yaƙinsa, ya koma gari lafiya lau, ya tsaya gaban banki ya kira dabbarsa, agogon ya ci gaba daga inda ya tsaya, a tsakiyar taron jama'a. Waɗanda ke wurin kuwa ba 'yan mataki na 60 ne kaɗai ba. Akwai sababbin shiga da duk ƙarfinsu bai kai abin da cutar ke zuƙa a bugu ɗaya ko biyu ba. Abin da ke ɗan takura babba, shi ke kashe ƙarami nan take.

An gano ƙofar fita ke nan, amma wata tambayar ta fi ta wuya. Duk wanda ya san halin annoba ya san cutar da ke kashe mutum cikin daƙiƙu ba ta daɗewa. Takan ƙone itacenta da wuri ta mutu, domin gawa ba ta zuwa kasuwa. Bisa lissafi, kamata ya yi kowace ɓulla ta share dandali ɗaya ta ƙare. Amma aka yi kwanaki, aka shiga makonni, biranen ba su zaunu ba. A ina take kwana idan kowa ya mutu ko ya gudu?

Da ɗan gari akan ci gari. A kowane birni na wasan akwai mutanen da babu kowa a bayansu, kwamfuta ce ke motsa su: mai shago, ma'aikacin banki, mai gadi, dillalin gwanjo. Ba sa zuwa ko'ina, kullum suna bakin aikinsu. Su ma cutar tana kama su, amma an yi su da ƙarfin da ba ta iya kayar da su. Sai suka zama rumbunta. Mai shago ya shafa wa mai saye, mai saye ya shafa wa na kusa, na kusa ya mayar wa mai shagon. Ɗan wasan da ya mutu ya farfaɗo, domin mutuwa a can ba ta dindindin ba ce, ya dawo sayen abin buƙata wajen mutumin da ke tsaye ƙalau ba alamar komai, ya sake kwasa.

Saura mutane. Kamfanin ya roƙi masu cutar su keɓe kansu, aka ƙi ji. Wasu sun tsere zuwa daji suka bar biranen. Wasu suka tsaya a bakin hanya suna gargaɗin matafiya kada su shiga. Masu warkarwa suka yi ta kutsawa cikin dandali suna ceto, sai dai kowane rai da suka tsawaita ya ba cutar ƙarin lokacin tsallakawa, su ma suna kwasa su kai gaba. Akwai waɗanda labari ya kai musu suka zo kallo, suka koma da tsaraba. Akwai kuma 'yan ta'adi da suka riƙa komawa kurmin da gangan suna cika dabbobinsu da cuta suna kawowa. A ƙarshe sai da kamfanin ya kashe manyan kwamfutocin da ke riƙe da duniyar ya sake tayar da su, sannan a farkon Oktoba ya gyara wasan yadda dabbobi ba za su ƙara ɗaukar cutar ba.

Cikin masu buga wasan a kwanakin akwai wani ɗalibi, Eric Lofgren. Shi da malama Nina Fefferman, wadda ke jami'ar Tufts a lokacin, suka rubuta maƙala a mujallar likitoci ta Lancet Infectious Diseases a 2007. A shekarar nan kuma Ran Balicer, wani likita a jami'ar Ben-Gurion, ya yi nasa rubutun a mujallar Epidemiology. Abin da ya ja hankalinsu a fili yake. Masanin annoba yana iya lissafa saurin yaɗuwar cuta a kwamfuta, amma a lissafinsa sai ya yi hasashen abin da mutane za su yi, kuma ba shi da halin sakin cuta a gari ya gani da idonsa. Ga shi nan an saki wata bisa kuskure a cikin jama'a masu rai, masu tsoro da tausayi da mugunta. Fefferman ta yi ta nanata batun 'yan kallo, waɗanda son gani ke kai su inda ya kamata su guje wa, abin da lissafin masana bai saba ɗauka ba. Dabbobin mafarautan nan sun yi daidai da yadda murar tsuntsaye ke fakewa a jikin kaji da agwagi. Masu warkarwa kuwa ba sai an nema mana misali daga nesa ba. A watan Yuli na 2014 da wani matafiyi mai suna Patrick Sawyer ya sauka Legas da Ebola, Dakta Stella Adadevoh ce ta hana shi barin asibiti. Mutum 20 suka kamu a Najeriya, 8 suka rasu, tana cikinsu.

An yi wa wannan nazari suka, kuma sukar tana da ƙarfi. Mutuwa a wasa ba ta da tsada: ɗan lokaci ne da 'yan kuɗin gyaran sulke. Wanda ya san zai tashi ba zai ji tsoro irin na wanda ya san kabari ne a gabansa ba. Na yarda da wannan. Amma da na daɗe ina juya labarin, sai na ga akwai wani giɓi da ya fi wannan girma, kuma ba a cika ambatonsa ba. A Ironforge babu wanda aka tambaya kuɗi kafin a warkar da shi. Mai warkarwa yana ganin ka faɗi zai ɗaga hannu. Cutar kuma a bayyane take, alamarta na kan allo, kowa ya san abin da ke jikinsa ba tare da ya biya an gwada shi ba. A duniyarmu babu mai shagon da cuta ba ta iya kayarwa. To wa ke riƙe mana rumbun?

A nan labarin wasan ya haɗu da gardamar da ta daɗe tana cin ƙasashe, wato ko gwamnati za ta ɗauki nauyin lafiyar kowa, kuma nawa abin zai ci. Birtaniya ta yanke nata hukuncin tun 5 ga Yuli 1948, ranar da hukumar lafiya ta NHS ta fara aiki a ƙarƙashin minista Aneurin Bevan: a biya ta haraji, a shiga asibiti ba a taɓa aljihu ba. Amurka har yau ba ta yanke ba. A 2023 ta kashe dala tiriliyan 4.9 a kan lafiya, fiye da kashi 17 cikin 100 na arzikin da take samarwa a shekara, alhali Birtaniya na kashe kusan kashi 11, kuma duk da haka Amurkawa kimanin miliyan 26 ba su da inshorar lafiya. Da Sanata Bernie Sanders ya kawo ƙudurin inshora ɗaya ga kowa, wani masani mai suna Charles Blahous ya lissafa a 2018 cewa zai ƙara wa gwamnatin tarayya nauyin dala tiriliyan 32.6 cikin shekara 10. Masu adawa suka riƙe wannan adadi. Magoya baya suka ce ai kuɗin da mutane ke biyan kamfanonin inshora ne zai koma haraji, aljihun ne ya sauya.

Hujjar masu adawa da ta fi kowace nauyi ita ce: abin da aka ba kyauta, wawaso ake yi masa. Ba zan yi kamar ƙarya ce ba, domin an gwada. Daga 1974 zuwa 1982 cibiyar bincike ta RAND, ƙarƙashin jagorancin Joseph Newhouse, ta ɗauki iyalai kusan 2,750 a Amurka, mutum kimanin 7,700, ta raba su da ƙuri'a. Wasu kyauta ake duba su, wasu su biya kashi 25 na kuɗin, wasu 50, wasu 95. Waɗanda ke biyan kaso mafi yawa sun kashe abin da ya gaza na 'yan kyauta da kusan kashi 30, kuma ga matsakaicin mutum ba a ga lafiyarsa ta lalace ba. Wannan rabin sakamakon shi aka fi yaɗawa. Ɗaya rabin ya fi damuna. Mutanen da aka sa wa kuɗi ba zuwan banza kaɗai suka rage ba, sun rage zuwan da ke da amfani da wanda ba shi da amfani kusan daidai wa daida. Dalili kuwa mai sauƙi ne: mai ciwon ƙirji a gida bai san ko kumburin ciki ne ko zuciya ba, sanin nan shi ne abin da zai je saye. Kuma a cikin talakawa marasa lafiya an ga bambanci ƙarara, musamman masu hawan jini, waɗanda jininsu ya fi daidaita idan ba a cajinsu. Ƙananan 'yan wasan nan ne na bakin banki: bugu ɗaya, babba ya jure, ƙarami ya faɗi.

Sai dai hawan jini ba ya tsallakawa zuwa maƙwabci. Don ganin abin da kuɗi ke yi wa cuta mai yaɗuwa sai a je Busia, a yammacin Kenya, inda Michael Kremer da Edward Miguel suka bi diddigin rabon maganin tsutsar ciki a makarantun firamare tun ƙarshen shekarun 1990. Sun gano cewa idan aka ba yaran wata makaranta magani, har yaran makarantun kusa da ba a ba su ba suna samun sauƙi, saboda ƙwayayen tsutsa sun ragu a ƙasa da ruwa. Sannan aka gwada sa ɗan kuɗi, kusan santi 30 na dalar Amurka. Inda ake bayarwa kyauta kashi 75 na yara suka sha. Inda aka sa kuɗin, ba su kai kashi 20 ba. Santi 30 ya kori fiye da rabin yaran, kuma tsutsar da ta rage a cikinsu ba a cikinsu kaɗai za ta tsaya ba.

Gwamnatoci sun san wannan, ko da ba su faɗa ba. Amurkar nan da ta shekara da shekaru tana jayayya, ranar 18 ga Maris 2020 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a dokar da ta mayar da gwajin korona kyauta, har ga marasa inshora. Rigakafin ma kyauta aka yi shi. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ba ka tsaya tambayarsa ko ya biya kuɗin ruwa. Amma a 22 ga Maris 2022 asusun da ke biyan gwaji da maganin marasa inshora ya daina karɓar buƙatu, kuɗi sun ƙare, cutar kuwa ba ta ƙare ba. A Ingila, baƙon da ba shi da haƙƙin jinya kyauta ana cajinsa a asibiti, amma an ware jerin cututtuka masu yaɗuwa, har da tarin fuka, da ba a karɓar ko sisi a kansu daga kowa.

Mai hankali zai ce to ai an samu mafita mai araha: a bar cututtuka masu yaɗuwa kyauta, sauran kowa ya ji da kansa. Mun daɗe muna gwada wannan mafita a kan tarin fuka, kuma a nan ne ƙulli na ƙarshe yake. A Najeriya, wadda ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu wannan cuta, maganin wata shida kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, gwajin majina ma haka. Ƙasashe da yawa haka suke yi. Duk da haka, ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna mutum miliyan 10.8 suka kamu a duniya a 2023, miliyan 8.2 aka gano aka rubuta, miliyan 1.25 suka mutu. Tsakanin waɗanda suka kamu da waɗanda aka rubuta akwai fiye da miliyan 2 da rabi. Wasunsu an yi musu magani a wani wuri ba a kai rahoto ba, wasu kuwa ba a taɓa gwada su ba. Magani kyauta ne, me ya hana su zuwa?

Abin da ya hana su shi ne kyautar tana cikin ɗaki, ƙofar ɗakin kuma ta kuɗi ce. Ba a ba ka maganin tarin fuka sai an ce tarin fuka gare ka, kuma kafin cutarka ta samu suna sai ka biya kuɗin mota, ka yanki kati, wataƙila a tura ka hoton ƙirji, ka bar sana'arka ta wuni guda ko biyu. Mai tari bai san ko nasa na cikin jerin kyauta ba ne. Abin da ya sani shi ne zuwa asibiti kuɗi ne, kuma a Najeriya, inda fiye da kashi 70 na kuɗin lafiya daga aljihun majinyaci suke fitowa kai tsaye, bai yi kuskuren lissafi ba. Hukumar ta duniya ta ce kusan rabin gidajen da tarin fuka ya shiga a faɗin duniya suna asarar fiye da kashi 20 na abin da suke samu a shekara, duk da maganin kyauta ne. Dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Mayu na 2022 ta wajabta inshorar lafiya ga kowa a Najeriya, amma mafi yawan masu sana'ar hannu da 'yan kasuwa da manoma har yanzu ba su shiga ba. Shi ya sa nake ganin duk lissafin tsadar kula da kowa da ya tsaya a kan abin da baitulmali zai fitar, rabin lissafi ne. Ɗaya rabin ana biyansa, sai dai ba a littafin gwamnati ake rubuta shi ba. Mai tarin fuka da ba a yi wa magani ba yana iya shafa wa mutum 5 zuwa 15 cikin shekara ɗaya, kuma ba ya tambayar su waye ke da inshora a cikinsu.

Ga rumbun namu ke nan. Ba dodo ba ne, ba kuma ɗan ta'adi ba. Magidanci ne da ya yi mako uku yana tari, yana zufa da dare, wandonsa ya fara yi masa yawa. Ya je kemis ya sayi maganin tari na ruwa, ya ƙara da ƙwayoyi na kwana uku, ya ɗan ji dama. Ya lissafa kuɗin mota da na kati da cinikin wunin da zai rasa, ya duba kuɗin cefane, ya ce bari a ga ƙarshen wata. Cutar tana cinsa kamar yadda ba ta iya cin mai shagon Ironforge ba, sai dai a hankali, cikin watanni. Gobe da sassafe zai shiga a daidaita sahu da mutum uku, ya buɗe shagonsa, ya miƙa wa yaron da aka aiko canji, da azahar kuma ya tsaya a sahu kafaɗa da kafaɗa.